Junior Nsemba: Yadda matashi ɗan asalin Kamaru ya fara tashe a wasan zari-ruga na Ingila

Junior Nsemba ɗan wasan zari-ruga ne da ke buga wa ƙungiyar Wigan Warriors ta ƙasar Ingila. An haife shi ran 27 ga Yuni, 2004 a garin Wigan da ke arewa maso yammacin ƙasar, amma iyayensa 'yan asalin Kamaru ne. Dogo ne ƙaƙƙarfa, tsayinsa ya kusa mita 2.

Wane irin wasa ne?

Zari-ruga kala biyu ne. Wanda Nsemba ke bugawa shi ake ce wa Rugby League, mai 'yan wasa 13 a kowane ɓangare, saɓanin ɗayan mai 15. Ya samo asali ne a 1895, lokacin da ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle a kan batun biyan ma'aikata kuɗin ranakun da suka bar aiki don buga wasa. Ƙa'idar ba wuya: in aka kayar da 'yan ƙungiya da ƙwallo sau shida ba su ci ba, sai ƙwallon ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya dire ta a bayan layin abokan hamayya ya samu maki 4. Nsemba yana wasa ne a sahu na biyu na 'yan gaba, inda aikin shi ne kutsawa da tare mutum.

Farkon tafiya

Ya fara ne tun yana yaro a Wigan St Judes, wata ƙaramar ƙungiya ta cikin gari, daga nan makarantar horar da matasa ta Wigan Warriors ta ɗauke shi. Wasansa na farko a babbar gasar Super League shi ne wanda suka kara da Hull KR a ƙarshen kakar 2022, yana ɗan shekara 18.

To sai dai shiga babbar ƙungiya daban, samun gurbi kuma daban. Akwai manya a gabansa irin su Liam Farrell da Willie Isa da Kai Pearce-Paul. Shi ya sa a 2023 aka tura shi aro Whitehaven, a rukuni na biyu, ya je ya goge da manyan mutane. Matasa da yawa daga irin wannan aron ne ake daina jin ɗuriyarsu.

Shekarar 2024

Pearce-Paul ya tafi Newcastle Knights ta Ostareliya a ƙarshen 2023, sannan Isa ya ji mummunan rauni a farkon kakar 2024. Nan ne koci Matt Peet ya danƙa wa Nsemba gurbin, shi ko ya riƙe gam.

A watan Yuni ya buga wasan ƙarshe na Challenge Cup a Wembley, inda Wigan ta doke Warrington da ci 18-8. A Oktoba kuma suka lallasa Hull KR da 9-2 a Old Trafford, filin Manchester United, suka ɗauki kofin Super League. A shekarar Wigan ta haɗa kofuna huɗu rigis.

Shi kansa bai tashi a tutar babu ba. An zaɓe shi gwarzon matashin ɗan wasa na gasar, ya kuma shiga jerin 13 mafiya ƙwazo na kakar. Ganin yadda ƙungiyoyin Ostareliya ke wawure zaratan matasan Ingila, Wigan ta yi maza ta ba shi kwantiragin shekara shida, zuwa 2030.

A watan Nuwamba 2024 ya saka rigar tawagar Ingila karo na farko, a wasan da suka ci Samoa 34-16 a filin Headingley da ke Leeds, yana da shekara 20.