Zaɓen gwajin ƙididdiga

Zaɓen gwajin ƙididdiga shi ne tantance hanyar lissafin da ta dace da bayanan da mai bincike ya tattara, domin a gane ko bambancin da aka gani na haƙiƙa ne ko kuwa katari ne kawai. Ana duba irin bayanan (awo ne ko ƙirge), da yawan rukunonin da ake kwatantawa, da yadda alƙaluman suka bazu.

Misali daga Kano

Masu bincike a Jami'ar Bayero, wadda tsohon matsuguninta ke kusa da Ɗorayi, sun daɗe suna auna ƙarafa masu guba, irin su kuromiyam, a ruwan da masana'antun fata ke zubarwa. Ruwan Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Challawa, na Bompai kuma ya bi Getsi ya haɗe da Jakara, kuma da shi ake ban-ruwan lambuna.

Idan wuri biyu za a kwatanta, kamar Sharaɗa da Bompai, gwajin t ake yi, wanda William Gosset ya wallafa a 1908. Idan rijiyoyi guda ne aka auna da rani aka sake aunawa da damina, sai a yi gwajin t na tagwayen awo. Da an ƙara Challawa wuraren sun zama uku, sai ANOVA, hanyar Ronald Fisher. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi a nan shi ne maimaita gwajin t sau uku: a matakin 0.05, yiwuwar ganin bambancin da babu shi takan tashi daga kashi 5 zuwa kusan kashi 14 cikin 100.

Idan alƙaluma suka karkata

Gwajin t da ANOVA suna buƙatar alƙaluman su taru daidai-wa-daida kewaye da matsakaicinsu. Awon ruwan masana'anta ba kasafai yake haka ba, domin samfur ɗaya da aka ɗiba ranar da aka saki ruwan jima zai iya rinjayar sauran duka, musamman idan samfuran kaɗan ne. A nan gwajin Mann–Whitney na 1947 ya fi dacewa da rukuni biyu, Kruskal–Wallis na 1952 kuma da uku ko fiye, saboda jerin matsayi suke amfani da shi.

Idan kuwa ƙirge ne, wato rijiyoyi nawa a kowace unguwa suka haura miligiram 0.05 na kuromiyam a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha, gwajin kai-sukwaya na Karl Pearson, na shekarar 1900, ake yi.