Ƙwallon 'Yan Mata a Zangon Nima da Maamobi: Kuɗi, Masu Horarwa da Karatu

Duk wanda ya san Nima ya san unguwa ce mai haifar 'yan ƙwallo. Mohammed Kudus a nan ya taso, daga ƙungiyar Strong Tower ya wuce makarantar Right to Dream, wadda Tom Vernon ya kafa a 1999. Abin tambaya shi ne, me ya hana 'yan matan Zango bin wannan hanya da yawa? Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ba baiwa suka rasa ba, tsari suka rasa.

Batun kuɗi shi ne na farko. Tun da aka kafa Asusun Raya Zango a 2017, filayen ciyawar roba na cikin ayyukan da aka fi gani. Sai dai fili ba ya sayen takalmi, ba ya biyan kuɗin mota zuwa wasa, kuma in la'asar ta yi samari ne ke cika shi. A Amurka, dokar Title IX ta 1972 ta haramta bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, abin da ya sa jami'o'i suka buɗe ƙungiyoyin mata da guraben karatu. Ta irin wannan ƙofa Alberta Sackey, gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka ta 2002, ta yi karatu a kwalejin Robert Morris. Darasin a nan shi ne a ware wa mata kaso a rubuce.

Na biyu shi ne masu horarwa. Uwar da ke sayar da koko a Maamobi ba za ta saki 'yarta ga baƙon namiji har magariba ba, kuma tana da hujja. Mace mai horarwa, 'yar unguwa da aka san gidansu, wadda ake biya albashi, ita ce za ta kwantar da hankalin iyaye. Maganar sutura kuwa ta kau tun 2014, lokacin da aka amince mata su buga wasa da hijabi.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne karatu. Yarinyar da ke haɗa boko, Islamiyya da taya uwa sana'a ba ta da lokacin ɓatawa. Mukarama Abdulai ta ci ƙwallo 7 a gasar duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 17 a Uruguay a 2018, amma irinta ɗaiɗaiku ne. Sauran, takarda ce za ta riƙe su.

Saboda haka ya kamata jami'ar Legon, sarakunan Zango da limamai su haɗa kai wajen samar da guraben karatu ga 'yan wasa mata, bisa sharaɗin zuwa aji da cin jarrabawa. In iyaye suka ga ƙwallo na kai 'ya jami'a, su da kansu za su saya mata takalmin.