Bege: Yadda Kiristocin Katsina ke fahimtar wahala da zalunci

A bakin yawancin Hausawa, bege na nufin ɗokin masoyi ko waƙar yabon Annabi. A wurin Kirista Bahaushe kuwa, bege shi ne sa zuciya ga alkawarin Allah da tabbacin cewa zalunci yana da ranar ƙarewa. Yana cikin ginshiƙai uku da Manzo Bulus ya jera a wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa, tare da bangaskiya da ƙauna.

Tushen koyarwar

Kiristoci sun gina wannan bege a kan imaninsu cewa an gicciye Yesu Almasihu ba da laifi ba, kuma ya tashi daga matattu. Daga nan suke fahimtar cewa Allah yana tare da wanda aka zalunta, kuma akwai ranar shari'a da za a bi wa kowa haƙƙinsa. Littattafan Ayuba da Zabura da Habakkuk sun nuna cewa bawa na iya kai kukansa ga Allah, har ya tambayi dalilin jinkirin adalci, ba tare da ya fita daga imani ba. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, shi ya sa waɗannan kalmomi suka daɗe a bakin masu bi.

Kiristanci a ƙasar Katsina

A shekarun 1930 mishan ɗin SIM, wanda ya haifi cocin ECWA, ya karɓi aikin jinyar kutare a Babbar Ruga, a kan hanyar Katsina zuwa Batsari. Kiristoci 'yan asalin jihar, waɗanda da yawansu zuriyar Maguzawa ne, sun fi yawa a yankin Malumfashi da Kafur. A 2023 fadar Vatican ta kafa Dayosis ɗin Katolika na Katsina, ta naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko.

Jarrabawar 'yan bindiga

Ƙananan hukumomin Batsari da Safana, da ƙauyukansu irin su Yasore da Runka, suna gefen Dajin Rugu, mafakar ɓarayin daji. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar da ke Batsari. Akasarin mazauna yankin Musulmi ne, kuma su suka fi ɗanɗana kuɗarsu, amma masifar ba ta tambayar addinin mutum. A Mayun 2021 an kashe Fada Alphonsus Bello bayan hari a cocin Katolika na Malumfashi. A Mayun 2022 kuma aka sace limaman coci biyu a Gidan Maikambo da ke Kafur, daga baya suka kuɓuta.

Begen a aikace

Wasu na sukar wannan koyarwa da cewa tana sa talaka ya naɗe hannu yana jiran lahira. Malaman coci na amsawa da cewa wanda ya yarda Allah mai adalci ne, dole ya nemi adalci tun a duniya. Shi ya sa majami'u ke haɗa addu'a da tara gudummawa ga waɗanda aka raba da gidajensu, da kula da gwauraye da marayu, da kiran hukuma ta kare rayuka. Koyarwar ta hana ramuwar gayya, amma ba ta ɗauke wa kotu nauyin hukunta mai laifi ba.

A nan akwai kusanci da abin da maƙwabci Musulmi ya sani na haƙuri da tawakkali da haramcin yanke ƙauna daga rahamar Allah. Aƙidun sun bambanta a kan gicciye da tashin Almasihu, amma manomin da ya koma gonarsa da damina bayan an kwashe masa shanu, ko wane addini yake bi, da wannan sa zuciya yake shuka.