Ƙananan Jam'iyyu da Zaɓen Fid da Gwani a Amurka

A wannan maƙala za mu nuna cewa tsarin zaɓe ne ya daƙushe ƙananan jam'iyyu a Amurka. A kusan dukkan jihohi, wanda ya fi ƙuri'u shi ke kwashe wakilan da ke zaɓen shugaban ƙasa baki ɗaya. A 1992 Ross Perot, ɗan takara mai zaman kansa, ya sami kusan kashi 19 cikin 100, amma bai tsira da wakili ko guda ba. Shi kuwa Ron Paul, bayan ya yi wa jam'iyyar Libertarian takara a 1988, sai ya koma neman tutar Republican a 2008 da 2012. Ke nan, mai sabon ra'ayi ya fi samun masu saurare a zaɓen fid da gwani na manyan jam'iyyu, ko da zai sha kaye.