Tsakanin Gargaɗi da Tsawa: Inda Sinawa Ke Tuntuɓe a Ingilishi

A ranar 3 ga Janairun 2020, 'yan sandan birnin Wuhan suka kira likitan ido Li Wenliang, suka sa shi ya sa hannu a wata takarda saboda saƙon da ya tura wa abokan karatunsa game da wata cuta mai kama da SARS. Sunan takardar da Sinanci "xunjie shu". Da labarin ya bazu a duniya, musamman bayan rasuwarsa a ranar 7 ga Fabrairu, sai kan jaridun Ingilishi ya rabu: wasu suka kira ta "admonition", wasu "reprimand", wasu "warning". Ƙamus ya yarda da duka ukun, amma kowacce da abin da take sa wa mai karatu a rai. Ta farko tana da ƙamshin nasiha, ta biyu hukunci ce daga na sama, ta uku kuwa tana iya tsayawa a kashedi kawai.

Idan ƙwararru sun rarrabu haka, ina ga ɗalibi? Tun shekarar 2001 aka tsara fara koyar da Ingilishi daga aji uku na firamare a ƙasar Sin, kuma yana cikin manyan darussan jarrabawar shiga jami'a ta "gaokao". Hanyar da aka fi bi ita ce hadda. Littafin kalmomin jarrabawar GRE na Yu Minhong, mutumin da ya kafa makarantar New Oriental a 1993, ya shahara har ɗalibai suka laƙaba wa littafin suna saboda jan bangonsa. A irin waɗannan jerin kalmomi, "rebuke" da "reproach" da "chide" da "berate" duk fassara kusan ɗaya ake ba su, "zebei" ko "xunchi". Wannan ya isa a ci jarrabawa. Ranar rubuta wa shugaba wasiƙa kuwa sai asiri ya tonu.

Abin da jerin ke ɓoyewa shi ne, ba zafin fushi ne ya raba kalmomin nan ba. Matsayi ne: wa ke da hurumin yin faɗan, wa ake yi wa, a gaban wa, kuma ko za a rubuta a ajiye.

Kalmar "scold" ce ta fi kayar da mutane. Ɗalibi ya koya cewa ita ce "ma" ta Sinanci, alhali "ma" ta haɗa faɗa da zagi baki ɗaya. Da ita ake bayyana uwar da ke tsawata wa ɗanta, da ita kuma ake bayyana direbobin da ke ɗura wa juna ashar a kan titi. Sai ka ga magidanci mai furfura ya rubuta cewa manajansa ya yi masa "scold", bai san cewa a kunnen mutumin Landan ya mayar da kansa yaro ɗan firamare ba, domin a can yara ake yi wa haka. Kalmar tana kuma ɗauke da tsohon tabo. Masana asalin kalmomi sukan danganta ta da "skald", mawaƙin tsofaffin mutanen Skandinebiya wanda ya iya zambo. A dokar Ingila ta dā akwai laifin zama "common scold", wanda kusan mata kaɗai ake tuhuma da shi. Akan ɗaure wadda aka samu da fitinar baki a kan kujera a tsoma ta cikin ruwa, kuma sai a 1967 aka shafe laifin daga doka. A Singafo dai, inda Ingilishi ya daɗe yana cuɗanya da harsunan Sin, babba ma ana yi masa "scold" ba wanda zai ji wani iri, kuma wannan Ingilishinsu ne, ba kuskure ba.

Da "warn" kuma al'amarin juyewa yake yi. Abokiyar fassararta, "jinggao", kalma ce mai nauyi: ita ce matakin farko cikin matakai biyar na ladabtarwa a Jam'iyyar Kwaminis ta Sin, waɗanda ke ƙarewa da kora. Saboda haka idan abokin aiki Bature ya ce zai yi "warn" cewa taron gobe zai yi tsawo, Basine na iya jin barazana, alhali tunatarwa ce ta zumunci, wadda a harshensa "tixing" ce. Sai "caution", mai fuska biyu. A allon da ake ajiyewa kan daɓe mai santsi, a yi hattara kawai take nufi. A filin ƙwallo ita ce katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa. A ofishin 'yan sandan Ingila kuwa, karɓarta amsa laifi ne, kuma tana shiga kundin bayanan mutum. Baƙon ɗalibin da ya ɗauka shawara ake ba shi zai iya sa hannu a kan abin da zai bi shi shekaru.

Tarihi ya bayyana wani ɓangare na tsarin. "Warn" da "chide" tsofaffin kalmomin gida ne. "Admonish" da "rebuke" sun shigo ta Faransanci bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, "reprimand" ta biyo baya a ƙarni na 17, shi ya sa suke da warin kotu da ofis. A Majalisar Wakilan Amurka bambancin a aikace yake: Newt Gingrich ya sha "reprimand" a 1997, Charles Rangel kuwa "censure" aka yi masa a 2010, wadda ta fi tsanani, domin sai da ya tsaya a gaban zauren aka karanta masa hukuncin kowa na ji.

Akwai malaman da ke cewa yawan karatu zai gyara wannan tuntuɓen na ɗaliban Sin da kansa. Da gaskiyarsu, amma rabi. Manyan ƙamusoshi, tun daga na Robert Morrison da aka buga a Macau tsakanin 1815 da 1823 har zuwa na Lu Gusun na Shanghai, suna kawo misalai cikin jimla. Sai dai ɗalibin yau wayarsa yake dubawa, ya ɗauki fassarar farko ya wuce.

Abin takaici shi ne, makamin fahimtar yana hannun ɗalibin tun daga gida. Tun 1944 masaniya Hu Hsien-chin ta yi nazarin "lian" da "mianzi", wato yadda Sinawa ke auna mutunci da girma a idon jama'a, kuma duk wanda ya tashi a cikinsu ya san faɗa a ɗaki daban, faɗa a bainar jama'a daban. Da malami zai gabatar da kowace kalma tare da mai furta ta, da aikin ya yi sauƙi: "chide" ta kaka ce da jikanta, "berate" ta mai ɗaga murya ce da ya ƙi yin shiru, "reproach" kuwa ta aminin da aka ɓata wa rai ce, wanda sau da yawa ko baki ba ya buɗewa, kallo kawai yake yi.