Daga Reluwe Zuwa Arsenal: Tarihin Goyon Bayan Ƙungiyoyin Ƙwallon Ƙafa a Nijeriya

Sanin kowa ne cewa a ɗakunan kwanan ɗalibai babu musun da ya kai na ƙwallon ƙafa tsawo da zafi. Za a tarar da mutum biyu garinsu ɗaya, darasinsu ɗaya, kwanon abincinsu ɗaya, amma da zarar an ambaci Arsenal da Chelsea sai jijiyar wuya ta tashi, kai ka ce gonar gado ake rabawa. Idan aka tambayi ɗayansu dalilin da ya sa yake bayan ƙungiyarsa, amsar ba ta wuce "ai sun iya wasa". To amma wannan amsa ba ta gamsar da mu, domin da iyawa ce kaɗai ma'auni, da kowace shekara magoya baya sun yi ƙaura zuwa wurin wanda ya ɗauki kofi. Abin da muke gani kuwa shi ne mutum ya shekara ashirin yana shan kaye, yana shan ba'a, bai ko yi tunanin sauya sheƙa ba. A wannan maƙala za mu waiwayi tarihin wasan a Nijeriya, domin mu nuna cewa galibi tun kafin mutum ya san yadda ƙungiya take wasa, wani abu daban ya riga ya ɗaure shi da ita, ko dai wurin aikin mahaifinsa, ko garinsu, ko kuwa wani rauni da al'ummarsa ta ji.

Zamanin Turawa

Wasan farko da aka samu a rubuce an yi shi ne a Kalaba cikin 1904, tsakanin makarantar mishan ta Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. Daga makarantu wasan ya shiga ma'aikatu. Saboda haka manyan ƙungiyoyin Ikko na farko sunayen wuraren aiki suke ɗauke da su, kamar Reluwe, da Marine ta ma'aikatan jiragen ruwa, da ta 'yan sanda, da ta kamfanin UAC. A irin wannan tsari goyon baya ba ya buƙatar dogon tunani. Wanda yake karɓar albashi a Reluwe, shi da 'ya'yansa da maƙwabtansa na bariki, Reluwe za su bi, domin masu buga wasan abokan aikinsa ne, da su ake shiga layin biya a ƙarshen wata. A 1945 Gwamna Arthur Richards ya ba da kofin da aka riƙa kira Kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama Kofin Ƙalubale, kuma Marine ce ta fara ɗaukar sa.

Mutumin da ya fara gane cewa ana iya ɗora wa ƙungiya kayan da ya fi na ma'aikata nauyi shi ne Dokta Nnamdi Azikiwe. A 1938 ya kafa Zik's Athletic Club, ƙungiyar da 'yan ƙasa ne suka mallake ta, su ne kuma suke gudanar da ita, ba tare da wani Bature a kansu ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya zaga garuruwan ƙasar nan da 'yan wasansa, a buga ƙwallo, sa'an nan ya yi wa jama'ar da ta taru jawabi, jaridarsa ta West African Pilot kuma ta kai labarin inda ƙafarsa ba ta kai ba. Mai tafa wa wannan ƙungiya ya san abin da yake tafa wa, hukuma ma ta sani.

Daga nan sai garuruwa suka shigo. Shekara takwas kofin nan yana zagayawa a tsakanin ƙungiyoyin Ikko, sai a 1953 'yan wasan Kano suka zama na farko da suka fitar da shi daga birnin. Mai karatu zai tuna cewa a wannan shekara ce jama'ar Ikko suka yi wa wakilan Arewa ihu a kan ƙudurin neman mulkin kai a 1956, abin da ya kai ga tarzomar Kano a watan Mayu. Muna ganin ba sai an yi wa kowa bayanin yadda zuwan wannan kofi Arewa ya yi daɗi a irin wannan shekara ba.

Rangers da Shooting Stars

Idan ana neman misali ɗaya da zai wadatar a kan wannan batu, to Rangers ta Inugu ce. An gama yaƙin basasa a watan Janairun 1970. Ƙasar Ibo ta fito daga yaƙin a ragargaje: an rasa rayuka masu ɗimbin yawa, akasari saboda yunwa, kasuwanni sun ƙone, masu ajiya a banki da yawa kuma fam 20 kacal aka ba su komai yawan abin da suka tara. Gwamnatin Janar Gowon ta ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi, amma mutumin da ya koma gida ya tarar da kango ya san ɓangaren da yake. A cikin wannan hali ne, a shekarar ta 1970, Jerry Enyeazu ya tattara samari ya kafa Rangers, Dan Anyiam kuma ya zama mai horar da su.

Abin da ya biyo baya ya wuce duk yadda aka zata. A 1971 suka kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, inda ƙungiyar WNDC ta Badun ta doke su. Daga 1974 zuwa 1976 kuwa sau uku a jere suna ɗaukar kofin, suka haɗa da gasar ƙasa a 1974 da 1975. A 1975 ɗin ne kuma suka kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, Hafia ta ƙasar Gini ta hana su. Kyaftin ɗinsu Christian Chukwu, wanda ake yi wa laƙabi da Ciyaman, da dogon golansu Emmanuel Okala, sun zama sunayen da kowane yaro ya sani. Ga mutumin da aka ci da yaƙi shekara huɗu da suka wuce, ganin 'ya'yansa sun shiga babban filin wasa na Ikko sun fito da kofi, a gaban manyan sojan da suka yaƙe shi, wani abu ne da ba a auna shi da yawan ƙwallayen da aka zura a raga. Fili ne guda da aka yarda ya yi nasara a fili, ya yi murna da ƙarfi, ba tare da an ce ya tayar da tsohon zance ba. Bugu da ƙari, da yake fatauci ya watsa Ibo ko'ina, duk garin da Rangers ta sauka sai ta tarar da 'yan gida suna jiran ta, daga Sabon Garin Kano har zuwa kasuwannin Ikko.

Ita kuwa WNDC da ta doke su a 1971, ita ce ta rikiɗe ta zama IICC Shooting Stars, abin alfaharin Badun da ƙasar Yarabawa, a ƙarƙashin kulawar Cif Lekan Salami. Tana da Segun Odegbami da Muda Lawal, kuma a 1976 ta zama ƙungiyar Nijeriya ta farko da ta ɗauki kofin nahiya, bayan ta doke Tonnerre ta Yawunde a gasar masu riƙe da kofunan ƙasashen Afirka. Shekara na zagayowa sai ƙaddara ta haɗa ta da Rangers a wasan kusa da na ƙarshe na wannan gasa. Aka yi karon farko a Ikko, aka tashi babu ci. Zaman ɗar-ɗar da ya biyo baya ya kai matsayin da gwamnatin soja ta ga cewa wasan ya fara kama da wani abu daban, saboda haka aka ɗauke karo na biyu aka kai shi Kaduna, filin wasa na Ahmadu Bello. A can ma babu wanda ya ga ragar wani, sai da aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida Rangers ta tsallake, ta je ta doke Canon ta Yawunde ta ɗauki kofin na 1977.

Akwai abin lura a nan. Waɗannan samari da ake neman a raba ƙasa a kansu abokan juna ne, ɗaki ɗaya suke kwana a sansanin ƙungiyar ƙasa. Bayan shekara uku, a 1980, su ne suka haɗu suka ci Aljeriya 3 da nema a Ikko, Odegbami ya zura biyu, Muda Lawal ya zura ɗaya, Chukwu ya karɓi kofin Afirka daga hannun Shugaba Shehu Shagari. Gabar tana wurin 'yan kallo, su ne suka zo fili da ita daga gida.

Sauran ƙungiyoyin wannan zamani kowace da irin igiyar da ta ɗaure mutanenta. Stationery Stores, wadda Israel Adebajo ya kafa a 1958, ta talakawan tsakiyar Ikko ce, kuma an san magoya bayanta da zafin kai. Bendel Insurance ta Binin ce. Raccah Rovers ta kawo wa Kano gasar ƙasa a 1978. Amma wadda ta fi ba mu sha'awa ita ce Mighty Jets ta Jos, wadda ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972, ta kuma sha zuwa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale ba tare da ta taɓa ɗaukar sa ba. Duk da haka mutanen Jos ba su guje ta ba a wancan zamani, sai ma dai yawan faɗuwar ya zama wani ɓangare na labarin da suke ba 'ya'yansu. Masu iya magana sun ce so hana ganin laifi.

Kano Pillars ta zo a makare, domin sai a 1990 aka kafa ta ta hanyar haɗe wasu ƙungiyoyi uku na birnin, amma kirarinta kaɗai ya isa ya bayyana irin goyon bayan da take da shi: Sai Masu Gida. Ta yi kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar ƙasa, har zuwa 2015, ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009, ta kuma ɗauki gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Bakanon da ke zaune a Kudu, ko bai taɓa shiga filin Ƙofar Mata ba, idan Pillars ta zo garin da yake zai ji kamar an kawo masa saƙo daga gida.

Zuwan Tauraron Ɗan Adam

To, yaya aka yi jikokin waɗannan mutane suka koma musu a kan ƙungiyoyin Landan? Dalilin farko na tattalin arziki ne. Tsarin tsuke bakin aljihu da aka shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, kamfanoni suka fara janye hannu, manyan ƙungiyoyi irin su Leventis United da Abiola Babes suka watse kafin ƙarshen shekarun 1980. 'Yan wasa suka bi sawun Stephen Keshi zuwa Beljiyam da sauran ƙasashen Turai. Akasarin ƙungiyoyin da suka rage suka koma hannun gwamnatocin jihohi, inda albashi kan makale, shugabanci kuma ya danganta da wanda ke kan mulki. Ga zargin alƙalan wasa, ga rikicin 'yan kallo, har ya zama magidanci yana shakkar kai ɗansa fili.

A daidai wannan lokaci ne aka buɗe wata ƙofa. An fara gasar Firimiya ta Ingila a 1992, DStv ta fara aiki a 1995, gidajen kallo kuma suka bazu a unguwanni, inda da kuɗi kaɗan mutum zai zauna a benci, janareta na ruri a waje, ya ga wasan da ake yi a Landan a lokacin da ake yin sa. Amma ko a nan, idan muka duba da kyau, tsohuwar igiyar ce ta ja mutane. Jama'a sun bi nasu ne. Nwankwo Kanu, gwarzon gasar Olamfik ta 1996, ya koma Arsenal a 1999, kuma a watan Oktoban wannan shekara ya zura wa Chelsea ƙwallo uku a cikin minti 15 na ƙarshe, bayan ana cin ƙungiyarsa 2 da nema. Allah kaɗai ya san yawan waɗanda suka zama 'yan Arsenal a wannan yammaci. Chelsea ta samu rabonta ta hannun Celestine Babayaro da ya je a 1997, da Mikel Obi a 2006, ga kuma Didier Drogba da Michael Essien da suka sa ta yi kama da ƙungiyar Afirka ta Yamma. Jay-Jay Okocha ya sa mutane sun san akwai wani gari wai shi Bolton. Manchester United kuwa nasara ce ta sayo mata jama'a, musamman kofuna uku da ta haɗa a 1999, kamar yadda Messi da Ronaldo suka raba matasa tsakanin Barcelona da Real Madrid daga 2009.

Abin mamakin shi ne ɗan wasan yakan tafi ya bar mai goyon baya a inda ya ajiye shi. Kanu ya bar Arsenal tun 2004, shekarar da ta ɗauki gasar ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, amma waɗanda ya kai can ba su biyo shi sun fito ba, har ma sun haifi 'ya'ya sun sa musu jar riga. Wanda ya shiga saboda Kanu, ƙanensa ya shiga saboda shi, wani ƙanen kuma ya zaɓi Chelsea don kawai ya ƙuntata wa yayansa. A ra'ayinmu wannan goyon baya ya fi na da sauƙin ɗauka, tun da babu yaƙi ko ƙabila a bayansa, Bahaushe da Bayarabe da Ibo sukan zauna benci ɗaya su rungumi juna idan an ci. Sai dai kuma kuɗin kallo da na riga duk waje suke tafiya, filayenmu kuwa ciyawa kawai suke tarawa in ban da 'yan kaɗan.

Duk da haka tsohuwar soyayyar ba ta mutu ba. Enyimba ta Aba ta tayar da ita da ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, abin da ya gagari Rangers da Shooting Stars a zamaninsu. Ahmed Musa, wanda ya bar Pillars a 2010 ya je har Leicester, ya dawo ya sake sa rigarta a 2021, Kano ta karɓe shi hannu bibbiyu. Ita kuwa Rangers, bayan gasar da ta ci a 1984, sai da ta yi shekara 32 tana jira. A watan Oktoban 2016 ta ci El-Kanemi Warriors ta Maiduguri 4 da nema a wasan ƙarshen kaka, ta ɗauki gasar a Inugu, a filin da ke ɗauke da sunan Nnamdi Azikiwe. Filin ya cika ya batse tun kafin a fara wasa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi ta kuka da rawa a ranar ba a haife su ba lokacin da Chukwu ya daina buga ƙwallo.