Kilauea: Tarihin Zuwa Kallon Dutse Mai Aman Wuta a Hawai

Gandun duwatsu masu aman wuta na Hawai yana cikin tsibirin Hawai, mafi girma a jerin tsibiran da ke tsakiyar Tekun Fasifik, sama da kilomita 3,500 daga gaɓar yammacin Amurka. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,300, ya taso daga bakin teku har ƙololuwar Mauna Loa mai tsayin mita 4,169. Amma dutsen da ya fi jan baƙi shi ne Kilauea, wanda bai kai sulusin wancan tsayi ba, sai dai ba kasafai yake hutawa ba. Narkakken dutsen da ke fitowa daga cikinsa ba shi da kauri, iskar da ke tare da shi tana samun hanyar fita cikin sauƙi, don haka galibi kwarara yake yi kamar koko, ba fashewa ba. Wannan hali ne ya sa mutum kan iya tsayawa kusa ya kalla, kuma a kansa aka gina al'adar ziyara da ta kai shekara 200.

Mutanen farko da suka zauna a tsibiran sun iso ne cikin jiragen ruwa na katako daga tsibiran Folinesiya, kimanin shekara 800 zuwa 1,000 da suka wuce. A wurinsu ƙololuwar Kilauea ba wurin shaƙatawa ba ne. Sun yi imani cewa ramin Halemaumau gidan Pele ne, abar bautar da suka ɗauka ita ke da wutar, kuma duk wanda ya ratsa yankin yana da ƙa'idojin da zai kiyaye. Akwai wani ɗan itace mai jajayen 'ya'ya, ohelo, da ke tsirowa a bakin ramin. Ba a cin 'ya'yansa sai an fara jefa wa Pele rabonta. A 1790 dutsen ya nuna cewa laushin halinsa ba na kullum ba ne. Rundunar wani basarake mai suna Keoua, wanda ke yaƙi da Kamehameha, tana ratsawa ta kusa da ƙololuwar sai dutsen ya fashe, zazzafar toka da iska suka hallaka wani sashe nata. Ƙiyasin mamatan ya kama daga mutum 80 zuwa ɗaruruwa. Jama'a sun fassara abin da cewa Pele ta goyi bayan Kamehameha, wanda daga baya ya haɗe tsibiran a ƙarƙashin mulkinsa. Har yau akwai sawun ƙafafu a daskararriyar toka a hamadar Kau, kuma bincike ya nuna da yawansu na mata da yara ne.

Turawa na farko da suka rubuta bayanin Kilauea 'yan mishan ne. A watan Agusta na 1823 William Ellis, ɗan Ingila, ya isa bakin ramin tare da wasu abokan aikinsa Amurkawa, cikinsu har da Asa Thurston. Sun tsinki ohelo suka ci ba tare da hadaya ba, hankalin 'yan rakiyarsu ya tashi. A ƙarshen 1824 wata basarakiya, Kapiolani, wadda ta karɓi addinin Kirista, ta yi doguwar tafiya a ƙasa, ta gangara cikin ramin ta ci 'ya'yan itacen da gangan don ta nuna wa mutanenta cewa ba abin da zai same ta. 'Yan mishan sun yayata labarin a Turai da Amurka, kuma ba da niyyarsu ba, sun zama masu tallata dutsen na farko.

Daga nan baƙi suka fara zuwa, kodayake tafiyar ba ta ragwaye ba ce. Matafiyi zai shiga jirgin ruwa daga Honolulu zuwa Hilo, sannan ya hau doki ya yi kusan kilomita 50 cikin kurmi da ruwan sama da kaifin duwatsu. A 1846 wani ɗan kasuwa, Benjamin Pitman, ya kafa bukkar ciyawa a bakin ramin, aka sa mata suna Volcano House. A 1866 aka maye gurbinta da masauki mai ɗakuna, kuma a shekarar ne marubucin nan Mark Twain ya sauka a ciki ya aika wa wata jaridar Kalifoniya labarin abin da ya gani. Ginin katako ya biyo baya a 1877. Abin da duk waɗannan baƙi suke zuwa kallo shi ne tafkin narkakken dutse da ya shafe mafi yawan ƙarni na 19 yana tafasa a Halemaumau. Da yamma akan gangara da fitila bayan ɗan jagora, a taka busasshen ɓawon dutse mai ɗumi har bakin tafkin. Wasu kan cusa kwabo cikin narkakken dutse su ɓallo shi ya zama tsaraba, wasu su babbake gefen katin wasiƙa a tsagar ƙasa don mutanen gida su gaskata. Da aka kammala hanyar keken doki daga Hilo a 1894, tafiyar kwana biyu ta koma ta sa'o'i.

Tunanin mai da wurin gandun gwamnati ya samu ƙarfi ne ta hannun Lorrin Thurston, jikan wancan Asa Thurston. Lauya ne kuma mai jarida, yana da jari a Volcano House, kuma yana cikin jagororin da suka kifar da Sarauniya Liliuokalani a 1893, abin da ya share fagen Amurka ta haɗiye tsibiran a 1898. Littattafan yawon buɗe ido sun daɗe suna ambaton ƙaunarsa ga dutsen suna tsallake wannan ɓangare, alhali kuwa biyun ba sa rabuwa: sai da Hawai ta fita daga hannun sarakunanta kafin majalisar dokokin Amurka ta samu ikon yanke hukunci a kan ƙasar Pele. A 1907 gwamnatin yankin ta ɗauki nauyin kawo 'yan majalisa daga Washington, aka ciyar da su abincin da aka dafa a kan zafin da ke fitowa daga tsagar ƙasa. Duk da haka ƙudurin ya yi ta cijewa saboda gardamar iyaka da ƙorafin masu kiwon shanu.

Wanda ya ƙara wa yunƙurin nauyi shi ne Thomas Jaggar, masanin duwatsu daga cibiyar MIT. A 1902 ya je tsibirin Martinik bayan da dutsen Pelée ya shafe garin Saint-Pierre da mutum kusan 28,000, ya dawo da ra'ayin cewa zuwa duba ɓarna bayan ta auku ba ilmi ba ne. Dole a zauna kusa da dutse a riƙa auna shi dare da rana. A 1912 ya kafa tashar sa ido a bakin Kilauea, dab da Volcano House, fursunoni ne suka haƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka girke na'urorin auna girgiza. A 1915 kuma wata ƙungiyar sojojin Amurka baƙar fata, daga runduna ta 25 ta sojan ƙasa, ta sassaƙa hanyar ƙafa zuwa ƙololuwar Mauna Loa da guduma, cikin sanyi da ruwa. Yarima Jonah Kuhio, wakilin Hawai a majalisa, ya tsaya wa ƙudurin, Shugaba Woodrow Wilson ya sa masa hannu ranar 1 ga Agusta, 1916. Gandun ya haɗa har da dutsen Haleakala na tsibirin Maui. Kuɗin gudanarwa bai zo da wuri ba. Sai a 1922 shugaban gandun na farko, Thomas Boles, ya kama aiki.

Bai fi shekara biyu a kujerar ba abin da aka kafa gandun dominsa ya ɓace. A farkon 1924 tafkin Halemaumau ya tsiyaye, ramin ya rufta, a watan Mayu kuma aka shafe sama da mako biyu yana fashewa yana wurgo duwatsu masu nauyin tan da yawa. Wani mutum da ya matsa kusa don ɗaukar hoto ya rasa ransa. Faɗin ramin ya ninka, tafkin dindindin ya shafe shekaru masu yawa bai dawo ba, daga 1934 zuwa 1952 ma Kilauea bai yi amai ko sau ɗaya ba. George Lycurgus, Bagirken da ya daɗe yana riƙe da Volcano House, ya shahara da jefa kwalaben barasa cikin ramin wai don ya lallashi Pele ta dawo masa da kasuwa. Masaukin nasa ya ƙone a 1940, kuma wutar ba daga dutsen ta fito ba. Aka sake gina shi a 1941, shi ne ginin da ke aiki har yanzu.

A tsakanin nan an gwada abin da ba a taɓa yi ba. A Disamban 1935 narkakken dutse daga Mauna Loa ya nufi inda garin Hilo ke samun ruwan sha, Jaggar ya nemi jiragen soja su yi wa magudanarsa ruwan bama-bamai. An yi hakan ranar 27 ga wata, kwararar ta tsaya bayan 'yan kwanaki, Jaggar ya ce dabara ta ci. Masana na baya sun fi karkata ga cewa aman ne ya zo ƙarshe don kansa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojoji sun mamaye sassan gandun: an tsare wasu mazauna tsibirin 'yan asalin Japan a sansanin soja na Kilauea, an kuma mai da wani yanki na hamadar Kau filin gwajin bam.

A Nuwamban 1959, wata uku bayan Hawai ta zama jiha, ramin Kilauea Iki ya fara feshin wuta da daga baya ya kai tsayin mita 580, motoci suka yi cincirindo a hanyar Hilo. A 1961 aka ware Haleakala ya zama gandu mai zaman kansa, gandun na tsibirin Hawai kuma ya samu sunan da ake kiransa da shi yanzu. Tarihin hanyar da ke gangarawa daga ƙololuwa zuwa teku ya isa ya nuna irin wahalar gini a nan. An kai ta gaɓa a 1965, aman Mauna Ulu, wani rami a gefen Kilauea, ya datse ta a 1969, aka sake buɗe ta a 1979, narkakken dutse ya sake rufe ta a 1986. Wannan na ƙarshe ya fito ne daga aman da ake kira na Puu Oo, shi ma a gefen Kilauea, wanda ya fara a Janairun 1983 bai daina ba sai 2018. Ya cinye ofishin karɓar baƙi na Wahaula a 1989, ya binne ƙauyen Kalapana a 1990, a 1997 ya rufe tsohon wurin bauta na Wahaula mai ɗaruruwan shekaru. Shekarun nan ne kuma ziyara ta fi armashi, domin mutane kan yi tattaki da tocila su ga wuta tana zuba cikin teku.

Aikin da baƙo bai cika lura da shi ba shi ne na kare tsirrai da tsuntsaye. Awaki da aladun da aka shigo da su tsibirin sun yi wa dajin illa ƙwarai, har sai da aka shiga kafa shingen waya a shekarun 1970 aka kawar da dubban awaki. Dinyar Hawai da ake kira nene, wadda ta ragu zuwa kimanin 30 a duk tsibiran a farkon shekarun 1950, ta farfaɗo ta hanyar kiwo da saki. UNESCO ta sa gandun cikin wuraren gadon duniya a 1987, a 2003 kuma aka ƙara masa filin kiwon Kahuku mai kimanin hekta 47,000. Matsayin 'yan asalin Hawai ma ya sauya. Dokar 1938 da ta faɗaɗa gandun zuwa Kalapana ta keɓe wa 'yan asalin yankin haƙƙin kamun kifi a gaɓar, yanzu kuma hukumar gandun tana tuntuɓar dattawansu, tana maido da sunayen gargajiya. Kogon da aka daɗe ana kira da sunan Thurston ya koma Nahuku a allunan hanya.

Sauyi mafi girma a zamanin nan ya zo a 2018, shekara guda bayan baƙi sun haura miliyan 2. A farkon Mayu ƙasa ta tsage a unguwar Leilani Estates da ke wajen gandun, girgiza mai ƙarfin maki 6.9 ta biyo baya, gidaje sama da 700 suka salwanta. Da narkakken dutsen ya zurare daga ƙarƙashin ƙololuwa, sai ta riƙa ruftawa. Zurfin Halemaumau ya tashi daga kimanin mita 85 zuwa kusan 500. An rufe mafi yawan gandun kwana 134. Gidan tarihin Jaggar da ginin tashar sa ido sun tsattsage har aka rushe su daga baya, ma'aikatan tashar suka koma Hilo. Ruwa ya taru a gindin ramin a 2019, wuta ta dawo a Disamban 2020 ta ƙafar da shi cikin dare ɗaya. Mauna Loa ya yi amai a Nuwamban 2022, karo na farko tun 1984. Daga ranar 23 ga Disamban 2024 Kilauea ya shiga wani salo na feshin wuta da kan ɗauki sa'o'i ya tsaya, ya sake tashi bayan kwanaki, shi ya sa masu shirin zuwa suke dogara da rahoton da tashar sa ido ke fitarwa da sanarwar hukumar gandun kan hanyoyin da ke buɗe da waɗanda hayaƙin farar wuta ya sa aka rufe.